Littafin da Ba Za Ki Samu a Villeurbanne Ba

Paris, ƙarshen Agusta

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga babanki, da fatan kin sauka Lyon lafiya, kayanki sun cika, ɗakin da suka ba ki kuma rana tana leƙa shi, don na san sanyin garin nan, ba shi da mutunci. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki. Na cusa takardar nan a jakar da mamanki ta zuba miki yaji da kuka, don na san ita za ki fara buɗewa. Da Hausa na rubuta ko da yake za ki yi ta tuntuɓe da ita. Ki yi haƙuri. In na kama Faransanci sai in yi ta zagaye-zagaye har takarda ta ƙare ban faɗi komai ba.

Ranar Juma'a muna cin tuwo kika ce, "Baba, ina isa Villeurbanne, tun kafin in san inda ajinmu yake, ɗakin karatu zan nema in ce a fito mini da tez ɗinka, littafin digirinka na dokta, in ɗauki hoto da shi." Mamanki ta dube ni. Na ajiye loma na kurɓi ruwa, na ce yaji ne ya sarƙe ni. Ba yaji ba ne.

Kada ki wahalar da masu ɗakin karatu. Babu wannan littafi. Ban gama rubuta shi ba, ban tsaya gaban malamai na kare shi ba, babu wanda ya taɓa ba ni digirin dokta. Sunan nan da kika tashi kina jin ana kirana da shi a masallaci da wurin suna, ba nawa ba ne. To, na faɗa. Na ɗauka in na rubuta zan ji sauƙi, wallahi ban ji ba. Tsoro nake ji ki naɗe takardar nan ki daina ganina da idon da kike ganina. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ki ji daga bakina da ki ji daga bakin wata Baturiya tana duba kwamfuta tana ce miki babu mai wannan suna.

An ce uba ya yi wa ɗiyarsa nasiha in za ta bar gida. Na zauna in rubuta miki nasiha, sai na ga ba ni da komai sai kurakuraina. Su zan ba ki. Wasu na san darasinsu, wasu har yau kaina a ɗaure yake.

Na zo Villeurbanne, can gefen Lyon, daga Damagaram kina da shekara huɗu, na bar ku ke da mamanki a gida. A labo ɗinmu, ɗakin gwaje-gwaje, akwai wani Ba'indiye, Suresh, siriri, ba ya cin nama, ba ya rufe baki. Wata rana cikin shekarar 2002 ya shigo da jarida yana rawa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce an zaɓi masanin kimiyya shugaban ƙasarsu. Na dubi hoton, tsoho ne mai furfura har kafaɗa, na ce, "Wannan ai wanzami ya fi buƙata, ba kujera ba." Suresh bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni ya ba ni labari. Musulmi ne, ɗan talakawa, daga wani tsibiri can kudancin ƙasar. Babansa limami ne mai jirgin ruwa. Yana yaro yana raba jarida gida-gida don ya taimaki gidansu. Ya so ya zama matuƙin jirgin yaƙi, aka ɗauki na gabansa aka tsaya a kansa. Sai ya koma ƙera roka, har ƙasarsu ta harba tauraron ɗan'adam da abin da ta ƙera da hannunta. Ga shi yau miliyoyin da ba addininsu ɗaya ba sun yarda ya shugabance su.

Uwata, ranar nan ban iya aiki ba. Ni ma ɗan liman ne. Ni ma na yi tallar kananzir kafin in tafi lakwal karatun boko. Na yanke hoton na manna a bangon ɗakina, na ɗauki biro na rubuta wa Hajiya, mahaifiyata da kika ci sunanta, wasiƙa mai shafi huɗu. Na ce a shaida wa dangi zan dawo da digirin dokta da wata na'ura da za ta canja Nijar. Aka karanta wasiƙar a zaure, maƙwabta suna ji. Daga ranar kowa ya koma ce mini Dokta, ni kuma ina amsawa da daɗi, ko babi ɗaya ban rubuta ba. Wannan shi ne kuskurena na farko. Ba a raɗa suna sai an haihu. In kin ci jarrabawa ki faɗa mana, in kina sa ran ci ki yi shiru ki yi addu'a. Kuma duk wanda ya kira ki da sunan da ba ki kai ba, ki gyara masa a ranar farko, don rana ta biyu ta fi wuya.

Aikina shi ne firigo marar lantarki. Akwati ne mai wani irin gawayi a ciki. Da rana yana shan zafi, in rana ta faɗi iska ta huce sai ya ja sanyi, kafin safiya ruwan da ke ciki ya daskare. Nufinmu a ajiye shi a asibitocin ƙauye saboda allurar rigakafi. Dukan dabarar ta rataya a kan abu ɗaya, wato dare ya yi sanyi sosai. Farfesan da ke duba aikina dattijo ne mai kirki. A makon farko ya rubuta lissafinsa a allo, ya ce a Sahel dare yana hucewa ƙwarai, ya gani da idonsa. Ya gani kuwa, amma a hamadar arewa ya gani, kuma cikin watan sanyi.

Ni da na kwana a tsakar gida a Damagaram watan Afrilu tun ina goye! Na san yadda katanga ke amayar da zafi har asuba, na san yadda ake yayyafa wa tabarma ruwa ta bushe kafin ka juya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina kallon allon na san lissafin ba zai yi ba a lokacin da aka fi buƙatar ƙanƙara. Farfesa ya juyo ya ce, "Habu, kai ne ɗan ƙasar. Kana da abin cewa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Babu, Malam." Haka aka rene ni. A zauren babana, ko malam ya tsallake aya ba ka ɗaga kai, sai dai ka yi tari a hankali ko Allah zai sa ya ji. To na yi tarin. Bature ya miƙo mini alewar maƙogwaro.

Shekara biyu muna gini a kan wannan lissafi. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, gobe kuma in ga ai an yi nisa, zai ce me ya hana ni faɗa tun jiya. Har na fara lallashin kaina cewa wataƙila ni ne ban sani ba, ina ni ina gyara wa mai littattafai? A ƙarshe muka ɗauki akwatin zuwa wani ƙauye kusa da Damagaram don gwaji, kuma Allah da ikonsa tafiyar ta faɗo a Afrilu. Ke kina Maraɗi wurin kakanninki lokacin. Da safe gari ya taru. Hajiya ta zo tun daga birni da ƙwaryar fura, za ta sha da ƙanƙarar ɗanta. Na buɗe akwati, na tura hannu, ruwa ne mai ɗumi. Wata tsohuwa ta tsoma yatsa ta ce, "Dokta, sannu da aiki, wannan ai na alwalar hunturu ne." Aka kwashe da dariya. Hajiya ta rufe ƙwaryarta da faifai.

Kwana huɗu muna gwadawa, ruwa dai ruwa. A rana ta biyar Farfesa yana zaune gindin bishiyar bedi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ce bai taɓa jin dare mai zafi irin na nan ba. Ya dube ni ya ce, "Kullum haka yake a wannan wata?" Na ce haka yake. Ya ce, "Ka sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ranar allo. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, "Don me ba ka faɗa ba?" Na ce a wurinmu ba a gyara wa malami. Ya ce, "Habu, masu ce mini to sun cika Lyon. Na ɗauko ka daga nan ne don ka san abin da ban sani ba."

A nan ne kaina ke ɗaurewa, Uwata. Ni na koya miki sunkuyar da kai. Ni ne nake zare miki ido in kin tsoma baki a maganar manya, har akwai ranar da kika gyara wa wani baƙona sunan babban birnin wata ƙasa, na kore ki ɗaki, alhali ke ce da gaskiya. Ina alfahari in an ce ɗiyar Dokta akwai kunya. Yanzu kuma ga ni ina so in ce miki ki ɗaga kai. Wanne zan ce ki bari? Ban sani ba. Ba na so ki zama irin yaran nan da ke kiran malami da sunansa ƙafa a kan tebur. Amma shirun da na yi ba ladabi ba ne, ko in ce ladabi ne da tsoro suka cuɗe har na kasa raba su. Abin da zan iya ce miki shi ne, ki gaida malaminki da kyau, ki jira ya gama magana, sannan ki ce masa, "Malam, a nan ina ganin ba haka ba ne." Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ke ce kika yi kuskure, kunyar minti biyar ce.

Da muka koma Villeurbanne na rufe kaina a ɗaki. Suresh ya zo da shinkafarsa mai ruwan ɗorawa, ya zauna ƙarƙashin hoton nan ya ce bari ya ba ni sauran labarin. Ashe rokar farko da mutumin ya jagoranta faɗawa ta yi cikin teku, duk ƙasa tana kallo. Shugaban ma'aikatarsu ya hana shi fita gaban 'yan jarida, ya fita da kansa ya ɗauki nauyin abin. Da shekara ta zagayo suka sake harbawa ta tashi, sai shugaban ya koma baya ya tura shi gaba. Na ce wa Suresh wannan a Indiya ne. Ya ce, "Wawa, je ka duba akwatin wasiƙarka." Na je. Farfesa ya rubuta wa hukumar jami'a cewa kuskuren lissafi nasa ne shi kaɗai, ɗalibinsa ba shi da laifi, a ƙara masa shekara guda. Ya aiko mini kwafi, ya rubuta a ƙasa da hannu cewa yana jirana Litinin.

Kin san abin da babanki ya yi? Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wai zan huta mako ɗaya. Da ya zage ni, da ya kore ni, wallahi da na iya tsayawa. Alherin ne na kasa ɗauka. Ta yaya zan dubi mutumin da ya shafa wa kansa baƙi saboda shirun da na yi? Na sauka a unguwar Château Rouge da jaka ɗaya, Alhaji Laminu mai kantin kayan miya, ɗan unguwarmu, ya ba ni wurin kwana. Wani ɗan Cadi da ke sayen gero a wurinsa ya kai ni kasuwar Rungis, inda ake neman mai duba injinan ɗakunan sanyi. Farfesa ya rubuto sau uku, ban buɗe ta ukun ba. Mako ɗaya ya zama shekara goma sha ɗaya. Wanda ya kasa yin ƙanƙara cikin kofi, ga shi yana gadin ɗakunan da ake daskarar da shanu.

Uwata, za ki faɗi. Kowa yana faɗuwa a makarantar nan, har waɗanda za ki ga suna tafiya kamar su suka gina ta. In kin faɗi aka miƙo miki hannu, ki kama. Kada ki tsaya auna ko kin cancanta. Ki je ranar Litinin ɗin, ko da ido a kumbure.

Da kuka zo ke da mamanki kina da shekara goma, kin tambaye ni me ya sa dokta ke sa rigar leda da takalmin roba. Na ce baƙar fata ba ya samun aiki daidai da takardarsa a ƙasar nan. Kika cika kika batse. Na bar ki shekara takwas kina jin haushin mutanen da ba su yi mini komai ba. Ba wai babu wariya ba. Akwai ta, za ki gan ta a wurin neman ɗaki da neman aiki, wataƙila har a kan ɗankwalinki. In kin gan ta ki kira ta da sunanta. Amma ba ita ta kayar da ni ba, kuma kada ki ɗora mata abin da hannunki ya yi.

Sai kuma hoton. Kin san shi, ya bi mu gida uku, yana nan saman teburin karatunki. Sau nawa ne na tsaya a kanki da takardar sakamako ina nuna shi? "Wannan da fitilar kananzir ya yi karatu, ke ga lantarki ga hita kin kawo mini sha biyu bisa ashirin!" Na mai da bawan Allah bulala, shi da aka ce ba abin da yake so kamar zama cikin yara yana jin tambayoyinsu. Ki yafe mini. Yanzu da kika samu makarantar injiniyoyi, a garin da na gudu, ina murna har ina kasa cin abinci, amma wata zuciyar tana tambayata, ita ke so ko kai ka tura ta ta ɗauko maka abin da ka yar? Ban san amsa ba, wataƙila ke ma ba ki sani ba tukuna. In kin shekara kika ga ba hanyarki ba ce, ki dawo ki faɗa mini a fuska. Zan yi faɗa, kin san halina, amma kwana biyu zan huce.

Watan jiya mutumin da ke cikin hoton ya rasu. Suresh, da rabona da shi shekara goma sha ɗaya, ya nemo ni ya turo saƙo. Bayan ya sauka daga mulki koyarwa ya koma, kuma yana tsaye gaban ɗalibai yana magana ya yanke jiki ya faɗi. An ce bai bar gida ba, bai bar mota ba, sai littattafai da 'yan riguna. Bai yi aure ba, ba shi da ɗa. Na zauna a bakin gado riƙe da waya na rasa abin da nake ji. Na yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa. Na ji hassada, ba zan ɓoye miki ba, wai mutum ya mutu a bakin aikinsa. Na kuma tuna makamai masu linzami ma ya ƙera, abin da har yau na kasa haɗa shi da wannan fuska mai murmushi. Sai na jiyo ki a kicin kina musu da mamanki a kan tukunyar da za ki tafi da ita, na ce to shi wa ya yi masa wannan hayaniya? Shin ni na yi asara ne, ko rabona ne daban? In na ce rabo ne sai in ji kamar ina wanke kaina. In na ce asara ce sai in ji na zage ku. Mamanki, wadda ta san komai tun ranar da ta sauka ƙasar nan, cewa ta yi, "Malam, ka bar mamaci ya huta. Ka faɗa wa yarinyar nan, ko ni in faɗa."

Shekaranjiya Asabar na ce bari in gwada bakina a kan wani kafin ke. Na hau metro na tafi kantin Alhaji Laminu. Ina shiga ya ce, "A'a, Dokta, sannu da zuwa, ina gajiya?" Muka gaisa, na jira masu sayen kuɓewa suka fita. Na ce, "Alhaji, don Allah a daina ce mini Dokta. Ban gama ba." Ina jira ya yi salati. Ko ɗaga kai bai yi daga ƙulla daddawa ba. Ya ce, "Habu, ai mun sani." Na ce su wa? Ya ce, "Kowa. Wane dokta ne ke sauka da jaka ɗaya, ido ja, yana tsallake wasiƙa kamar maciji?" Na ce to me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa? Ya ce, "Haba, a tsiraita ka? Hajiya da kanta ta sa aka kira ni a waya, shekara biyu kafin ta rasu. Ta ce, Laminu, na san yaron nan bai ƙare ba. Ku bar masa sunan, shi kaɗai ya rage masa."

Na fito na tsaya a bakin titi, masu tallar masara suna ture ni. Na je jana'izarta, Uwata. Na zauna kwana bakwai ana ce mini Dokta sai haƙuri, ina gode wa Allah da ta tafi ba ta sani ba. Ashe tana ɗauke da shi, ni ma ina ɗauke da shi, kowa yana jin kunyar kowa, har ƙasa ta rufe ta ba mu zauna mun yi maganar ba ko sau ɗaya. Ban san ko rufin asiri suka yi mini ba, ko rufe ni suka yi da raina.

Shi ya sa nasihata ta ƙarshe roƙo ce. Ke ba yarinya ba ce, kin fi ni iya kwamfuta, neman sunan mutum ba ya ɗaukar ki minti ɗaya. In yau kika fara ji, ki yi fushinki, hakkinki ne, amma ki kira ni ki yi shi a kunnena. In kuwa kin daɗe da sani kika yi shiru don kada babanki ya ji kunya, to don girman Allah kada ki yi mini irin na Hajiya. Ki kira ki ce, "Baba, na sani." Ba zan iya sake binne wannan magana da wani nawa ba. Wayata tana aljihuna, ko ina cikin ɗakin sanyi zan fito.

Allah ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki ilimi mai amfani da bakin faɗar gaskiya. Ya tsare ki a tram da titi, a aji da ɗaki, ya kai ki inda ban kai ba ko inda ya fi miki alheri. Ki riƙe salla, ki rufe wuyanki in iska ta taso daga kogi. Mamanki tana gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Babanki,
Habu